Guntun Tiyon da Na Ba Maharazu

Sunana Kalilu, manomi ne ni a wani ƙauye da ke ƙasar Sandamu. Karatuna bai wuce aji shida na firamare ba, sai ɗan abin da na samu a makarantar allo, don haka wanda yake neman daɗin zance ba zai same shi a wurina ba. Labarin halina zan bayar, da abin da halin ya jawo mini. Ni mutum ne da ba ya iya cewa a'a idan an zo aro. Mutane sun ɗauka kirki ne, ni ma na daɗe ina gaya wa kaina haka. Gaskiyar magana ita ce ina da rowa, wataƙila ma fiye da waɗanda ake zagi da ita a garin. Bambancina da su shi ne ina son a riƙa cewa Kalilu ba ya hana kayansa. Ina son kayana su zauna a ɗakina, ina kuma son yabon wanda ya bayar.

Don in samu biyun nan sai na koyi wata dabara. Idan aka zo aron abu, sai in bayar da fara'a, amma in rage wani ɓangare da abin ba zai yi aiki ba sai da shi. Mai aron injin feshi zai tafi da shi babu bakin feshin. Mai aron garmar shanu zai je gona ya tarar babu noti ɗaya. Mutum zai yi ta fama har ya gaji, ya dawo mini da kayana ko ƙwarzane babu, ya kuma yi mini godiya. Na yi shekaru a haka, babu wanda ya gane sai mutanen gidana.

A shekara ta uku bayan an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, na sayar da bijimina na tafi Daura sayen injin ban ruwa saboda noman rani. Na saye shi a shagon Ignatius, wani Ibo mai sayar da injina da kayan gyara, wanda ya daɗe a Daura har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya haɗa mini da tiyo biyu na zuƙo ruwa, dogo da guntu. Ina cikin ɗaure kayan a bayan babur sai ya dafa sirdin.

Ya ce, "Malam Kalilu, tsaya, saurin me kake yi? Abu biyu zan gaya maka. Na farko, kada ka tayar da shi sai ka duba baƙin mai. Na biyu ya fi muhimmanci. Wannan abin a sarari yake aiki. Kada ka kunna shi a ɗaki, kada ka saukar da shi rami ko rijiya. Hayaƙinsa ba ya samun hanyar fita, zama yake yi a ciki ko bayan an kashe injin. Mutum ba zai ji komai ba, sai dai ƙafafunsa su ƙi ɗaukarsa. A garinmu mutum uku 'yan gida ɗaya muka binne saboda haka. Duk wanda ka ba aro, ka gaya masa."

Na yi dariya na ce, "Oga, kai da ke sayar da ƙarfe yau kuma wa'azi ka koma? Ko 'yan Hisba sun ɗauke ka aiki ne?"

Ya ce, "Yi dariyarka. Ni dai na sauke nauyi."

Na ji maganar, na kuma riƙe ta. Amma ban gaya wa kowa ba. A lokacin injina ne kaɗai a ƙauyenmu, kuma ina jin daɗin a ce babu wanda ya san kansa sai ni.

Ina da ƙane guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunansa Zakiyyu. Shekara takwas na ba shi. Tare muke noma, gida ɗaya muke zaune da mahaifiyarmu da muke kira Inna. Zakiyyu bai yi kama da ni ba ko kaɗan. Idan ya ba ka aron fartanya, sai ya bi ka gonar ya taya ka noman. Yana da mata, Lami, da 'yarsu da ta fara tafiya a wannan bazarar.

Gida biyu ne tsakaninmu da Maharazu. Mutumin kirki ne, amma yana da shisshigi a kan duk abin da yake da noti. Ya kwance rediyoyin mutane da yawa da ba su sake magana ba, shi ya sa ake masa laƙabi da Injiniya. A ƙofar gidansa akwai rijiyar da kakansa ya haƙa, gaba huɗu da ɗoriya zurfinta, kuma gida bakwai ne ke shan ruwanta har da namu.

Cikin tsananin zafin bazara wata akuya ta faɗa rijiyar. Ba a sani ba sai bayan kwana biyu, da ruwan ya fara wari. Aka fito da mushen da ƙugiya. Liman ya zo ya leƙa, ya ce ba a sha, ba a alwala da shi, sai an kwashe ruwan har wari da launi sun gushe. Matanmu suka koma ɗibar ruwa a fadama, tafiya mai nisa a cikin rana. Kowa ya san kwashe ruwan da guga aikin gayya ne na yini biyu, kowa kuma ya san akwai inji a gidana.

Tun da yamma na ji ƙishin-ƙishin Maharazu zai zo aro. Hankalina ya tashi. Ina tunanin laka da yashin gindin rijiya su shiga cikin injin, ga albasata tana bukatar ruwa kowane kwana uku, ga kuma hannun Injiniya. Na naɗe dogon tiyon na hau rumbu na tura shi ƙarƙashin damman gero. Da na sauko sai na ga matata Haulatu tsaye da turmi a gabanta tana kallona. Ta ci gaba da dakanta.

Washegari da hantsi muna zaune a inuwar ƙofar masallaci, mu kusan goma har da Liman, sai ga Maharazu. Ya gaisa da kowa, sannan ya durƙusa kusa da ni.

Ya ce, "Malam Kalilu, wurinka na zo. Ka ga halin da iyali suke ciki. A taimaka mana da injin nan na yini ɗaya."

Wani daga cikin mutanen ya ce, "Injiniya, ka dai yi alkawari ba za ka kwance shi ka ga abin da ke ciki ba."

Aka yi dariya. Maharazu ya ce, "Wallahi ko sukudireba na bar ta a gida."

Na ce, "Haba Maharazu, wannan har sai ka durƙusa? Rijiyar ai tamu ce duka. Je ka ɗauka. Sai dai abu ɗaya, dogon tiyon ya fashe, rana ta cinye shi. Guntun ne kawai ya rage."

Liman ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Kalilu. Irinku ne ke riƙe da gari."

Na sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. A zuciyata na riga na yi lissafi. Guntun tiyon gaba biyu ne, ruwan kuwa sai an sauka gaba uku ake taɓa shi. Maharazu zai gwada, ya ga bai kai ba, ya dawo mini da injina kafin azahar ko tayar da shi bai yi ba.

Zakiyyu yana wurin. Shi ne ya naɗe dogon tiyon da hannunsa kwana biyu da suka wuce, ya san lafiyarsa ƙalau. Ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai. Da muka shiga zaure za mu fito da injin, ya rage murya.

Ya ce, "Yaya, tiyon nan fa…"

Na ce, "Wa ya tambaye ka?"

Ya ce, "Babu. Amma matan nan suna shan wahala, har da Inna jiya sai da ta ɗauki tulu."

Na ce, "Idan injin ya lalace, kai za ka shayar da albasar da bakinka?"

Ya sunkuya ya kama injin. Bai taɓa mayar mini da magana ba tun yana yaro. Can sai ya yi murmushi ya ce, "To, bari in bi su. Idan bai kai ba sai mu kama guga. Kada a ce gidanmu babu wanda ya zo."

Ya ɗora injin a baro ya tura. Ina jin sa a waje yana tsokanar Maharazu, yana cewa, "Injiniya, matsa can, da ido kawai aka yarda ka taɓa shi."

Na zauna a tsakar gida ina gyaran igiyar shanu, ina jiran ƙarar baro ta dawo. Rana ta ɗaga sosai, baro bai dawo ba. Sai na ji injin ya tashi.

Na san muryar injina kamar yadda na san tarin Inna. A fadama ƙararsa a buɗe take, tana kaiwa nesa. Wannan ƙarar daban ce. Tana fitowa a dushe, kamar an kifa masa tukunya. Nan take na gane abin da suka yi. Tiyo bai kai ruwa ba, sai Maharazu ya kai injin wurin ruwan. Daga baya na ji yadda aka yi: sun gicciye gungume a bakin rijiyar, suka ɗaure injin da igiya suka zura shi ciki har gaba biyu, Maharazu ya sauka ta ramukan taka ƙafa ya ja igiyar tayarwa ya hauro. Ruwa ya yi ta ambaliya a waje, mutane suna ta yaba dabarar Injiniya.

Na miƙe tsaye. Maganar Ignatius ta dawo mini kalma bayan kalma. Na yi taku uku zuwa zaure, sai na tsaya. Idan na je na ce a fito da injin, za a ce to da me za a ƙarasa aikin? Idan na kawo dogon tiyon, me zan ce wa Liman da mutanen da suka ji na ce ya fashe? Na gaya wa kaina ai injin ne a ciki, mutane suna waje. Babu abin da zai sa wani ya sauka. Na koma na zauna na ɗauki igiyata.

Haulatu ta fito daga madafa ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Malam, lafiya? Ka miƙe ka zauna."

Na ce, "Babu komai."

Ta ce, "Ƙarar nan ba irin wadda na saba ji ba ce."

Na ce, "Ke kuma yaushe kika zama bakanike? Je ki duba girkinki."

Ta tafi. Injin ya yi ta aiki, ni kuma ina zaune ina murɗa igiyar da na riga na gama gyarawa. Ban san tsawon lokacin ba, amma ya kai a dafa shinkafa a sauke. Daga nan ya yi tari sau biyu ya mutu. Na sauke ajiyar zuciya, na ce alhamdu lillahi, an gama lafiya.

Ba a gama ba. Ruwan ne ya ja baya har guntun tiyon ya daina taɓa shi. Maharazu ya ce bari ya sauka ya ga abin da ya rage a ƙasa, ai inji ya mutu, babu abin tsoro. Ya wuce injin, ya kai gindin rijiyar inda ruwa ya rage iya gwiwa. Ya ɗaga kai zai yi magana, sai ya sulale.

Ihun mata na fara ji. Na fita da gudu babu takalmi. Kafin in isa an cika bakin rijiyar. Wata tsohuwa tana cewa mutanen ɓoye ne, an taɓa musu gida. Wasu suna karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi suna tofawa ciki. Na ga rigar Zakiyyu a hannun wani mutum. Na ture mutane na leƙa.

Yana can ƙasa. Ya jingina Maharazu da bango, yana ɗaura masa igiyar guga a ƙarƙashin hammata. Wani wari mai ɗumi ya bugi fuskata.

Na ƙwala ihu na ce, "Zakiyyu! Fito! Ba aljanu ba ne, hayaƙin injin ne! Bar shi ka hauro!"

Ya ɗago kai. Muryarsa ta zo a hankali, kamar ta mai jin barci. Ya ce, "Yaya, ku ja shi tukuna."

Igiya biyu ce kawai a wurin, ɗaya kuma tana riƙe da injina a tsakiyar rijiyar. Ba mu isa mu yanke ta ba, don a kansu zai faɗa. Muka ja Maharazu. Da ya zo daidai injin sai kafaɗarsa ta maƙale a jikin ƙarfen. Muka sassauta, muka karkata, muka sake ja. Sau uku muna haka kafin ya wuce. Aka kwantar da shi a ƙasa ana yayyafa masa ruwa, ni kuma na kwance igiyar na jefa ta ciki.

Ta sauka a kan cinyar Zakiyyu. Yana zaune cikin ruwan ya jingina da bango kamar wanda ya gaji da noma yake hutawa. Na kira shi. Na kira shi da sunan da Inna take kiransa yana ƙarami. Hannunsa ya ɗan motsa wajen igiyar, bai kai ba. Sannan kansa ya karkata, ya zame gefe, fuskarsa ta shiga ruwa.

Na sa ƙafa a ramin farko zan sauka. Wani ya cafke ni ta baya ya fizgo ni har muka faɗi tare. Kabo ne, tsohon mahaƙin rijiya na unguwar gaba, wanda aka aika a kira tun da Maharazu ya faɗi.

Ya ce, "Ku danne shi! Kai, so kake uwarku ta rasa biyu a yini ɗaya?"

Mutum huɗu suka danne ni a ƙasa. Ina ji ina gani Kabo ya sa aka jawo injin waje, ya sa aka saro rassan darbejiya aka ɗaure a igiya ana zurawa ana jawowa don iska ta shiga. Bai yarda kowa ya sauka ba. Ya zura ƙugiyar da aka fito da akuyar da ita, ya yi ta lalube har ta kama wandon Zakiyyu. Da ita aka jawo ƙanena.

Kabo ya danna masa ciki, ya sa kunne a ƙirjinsa ya daɗe. Sannan ya karɓi rigar daga hannun mai riƙe da ita ya rufe masa fuska. Bayan la'asar muka binne shi. Maharazu kuwa aka ɗauke shi a mota zuwa asibitin Daura, ya farfaɗo a hanya.

A zaman makoki kowa ya zo sai ya riƙe hannuna. Suna cewa, "Ka yi haƙuri, Kalilu. Kai alheri ka yi." Suna cewa, "Wannan shisshigin na Maharazu dama mun san wata rana sai ya jawo abin kuka." Ina amsawa da amin, ina sunkuyar da kai. Ban taɓa samun yabo irin na kwanakin nan ba.

Ranar kwana biyar Maharazu ya dawo. Na ji ƙarar baro a ƙofar gida na fita. Ya rame, yana tafiya yana dafa bango. Ya wanke injin tas, ya goge shi da tsumma, ya naɗe guntun tiyon ya ɗora a kai. Ya durƙusa a gabana cikin ƙasa.

Ya ce, "Malam Kalilu, ga kayanka. Na duba, babu abin da ya same shi. Ka ba ni aron inji, na kashe maka ɗan'uwa. Ban san da bakin da zan roƙe ka ba."

Ya fashe da kuka. Na ce masa ya tashi, haka Allah ya ƙaddara. Na bar shi ya tafi da wannan nauyin a kansa. Wannan ma yana cikin abin da zan amsa tambaya a kai.

Bayan sadakar bakwai Baffa Hamma, ƙanen mahaifinmu, ya tara mu a tsakar gida. Inna tana zaune a ƙofar ɗakinta da carbi. Lami tana cikin ɗaki tana takaba, amma labule ne kawai tsakaninmu da ita.

Baffa ya ce, "Yanzu zamanin shari'a ne, ba a kashe mutum da ganganci a ce ƙaddara. Wa ya ce wa Maharazu ana zura inji a rijiya? Ya mayar da yarinya marainiya saboda son a ce ya iya. Gobe za mu je wurin alƙali a Sandamu. Kalilu, kai ne babba, kai za ka yi magana."

Na ce to. Na shiga ɗaki in ɗauko hula, Haulatu ta biyo ni ta saki labule.

Ta ce, "Malam, za ka je?"

Na ce, "Baffa ya yanke magana."

Ta ce, "A can Alƙur'ani ake ɗora wa mutum. Idan alƙali ya tambaye ka ina dogon tiyon, me za ka ce? Ni ban gaya wa kowa ba, ba kuma zan gaya ba. Amma ni na ga ka hau rumbu, na kuma ga ka miƙe ka koma ka zauna. Kwana bakwai ke nan ina kallon Lami, abinci ba ya wuce mini."

Na tsaya da hula a hannu. Ba tsoron alƙali ne ya kama ni ba. Na tuna Zakiyyu ya san ƙaryata, ya rufa mini asiri a gaban mutane, ya tafi ya biya da jikinsa abin da na hana. Yanzu kuma zan je in tsaya da sunansa in sa a hukunta wani.

Na fito na durƙusa a tsakiyar gida. Na faɗi komai. Na faɗi maganar Ignatius, na faɗi rumbu, na faɗi lissafin da na yi a ƙofar masallaci. Na faɗi cewa na ji ƙarar injin na gane inda yake, na miƙe, na koma na zauna. Da na zo nan sai na ji wani sauti daga bayan labulen Lami, ba kuka ba ne, kamar an taka mutum a ciki. Baffa ya tashi ya fita bai ɗauki sandarsa ba.

Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai ta ce "kai" ko "wannan". Ranar ta ajiye carbinta a kan tabarma ta dube ni.

Ta ce, "Kalilu."

Na ɗago kai na dube ta.

Ta ce, "Ba ni za ka gaya wa ba. Tashi ka je inda ka ba shi aron, a gaban mutanen da suka sa maka albarka, ka faɗa musu abin da ka faɗa mana. Kada ka rage komai, ka saba ragewa."

Bayan sallar azahar na tsaya a ƙofar masallaci kafin mutane su watse. Maharazu yana can gefe shi kaɗai, don tun da ya dawo babu mai zama kusa da shi. Na maimaita labarin tun daga farko. Babu wanda ya katse ni. Liman ya kafa idonsa a ƙasa. Da na gama sai Maharazu ya taso a hankali ya tsaya a gabana. Na ɗauka zai mare ni, na kuma so ya yi.

Ya ce, "Malam Kalilu, me ya hana ka ce mini ba ka bayarwa? Wallahi da gayya zan kira. Yini biyu ne kawai."

Ba a je wurin alƙali ba. Da Lami ta gama takaba ta koma gidan iyayenta a Zango da 'yarta. Na aika sau uku ina neman gafararta, amsar da take bayarwa ita ce ta ji. Inna ta rayu shekara shida bayan haka. Ni na yi jinyarta, tana karɓar ruwa daga hannuna, tana sa mini albarka idan na gaishe ta, amma ba ta sake yin hira da ni ba har ta koma ga Allah. Maharazu muna gaisawa. Har yau yana fama da ciwon kai idan rana ta yi zafi, kuma ya daina taɓa kayan kowa.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne wannan. Idan aka zo aron kayan aikinka, musamman inji mai cin fetur ko wuta, hanya biyu ce kawai ta gaskiya. Ko ka ce a'a a fili, ka haƙura da fushin maƙwabcinka na kwana biyu, ko ka bayar da shi cikakke, da dukkan kayan haɗinsa da duk abin da ka sani game da haɗarinsa, in da hali ma ka bi shi ka tsaya a kan aikin. Wanda ka ba rabin kaya ba zai fasa aikinsa ba, dabara zai nema, kuma ba ka san wanda dabarar za ta faɗa wa ba. Kada ka bari son yabo ya sa ka yi ƙaryar da za ta ɗaure maka ƙafa a lokacin da ya kamata ka ruga ka ceci rai. Ni na tsare injina, na tsare sunana na kwana bakwai, na rasa Zakiyyu. Allah ya jiƙansa, ya sa kada wani ya koyi wannan ta hanyar da na koya.